Sallamar Tsohon Mai Gadin Ordinatar

Ni Abduljalil, duk Zongo an san ban taɓa zama a bencin lakol, wato makarantar boko, ba, amma babu abin da ya taɓa kayar da ni. Ambaliyar da ta ci gidajen Wagadugu ta same ni a ɗaki, na fito da buhun goro a ka, ruwa iya ƙirji. To wai ni ne ordinatar, wannan da ake ce wa kwamfuta, za ta gagara?

'Yata Halimatu Sadiya ce ta ba ni ita. Abu ɗaya nake kallo a ciki, bidiyon marigayiya matata Indabo, wanda aka ɗauka ranar wani suna, tana raba waina tana yi wa mutane faɗa. Babu wani hotonta mai motsi a duniya sai shi.

Ran nan Halimatu ta turo Salifu, mai gyaran na'urori a unguwar Gounghin, ya canja antibirus. Ya ce min antibirus ɗin shi ne mai gadin ordinatar, yana tare ƙwayoyin cuta, kuma na ciki ya tsufa. Zai cire shi ya sa sabo. Na ce sabo ya shigo, bismilla, amma tsohon ba ya fita. A gidanmu tun kakanni, wanda ya yi maka gadi ba ka korarsa don ya tsufa, sai ka ba shi tabarma a zaure ya ci gaba da cin tuwonsa. Salifu ya yi ta bayani rabi Faransanci rabi Mosanci, na ce ordinatar tawa ce. Ya sa sabon a kan tsohon ya tafi.

Washegari na kunna, sai ta hau gurnani kamar injin niƙa. Jan rubutu ya fito ta dama, wani ya fito ta hagu. Na danna inda Indabo take zama, wayam, babu ita.

Ban tsaya neman hula ba. Na naɗe ordinatar a sallaya, na ɗaure a bayan babur, sai Gounghin. Masu shago suna ta ɗaga min hannu, ko waiwaye ban yi ba.

Salifu ya buɗe ya duba, ya kira ni kaka da Mosanci, ya ce, "Yaaba, masu gadinka ne suke dambe. Kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ɓarawo. Cikin rikicin sabon ya kama bidiyon ya kulle a karantin, inda yake tsare abin da yake zargi."

Na tambaye shi ko Indabo tana nan da rai. Ya ce tana nan, amma muddin tsohon yana riƙe da ƙofa, sabon ba zai buɗu ba balle ya sake ta, kuma abin da ya daɗe a karantin ana iya share shi.

Nan na nuna musu abin da ake kira dattako. Na ce tsohon zai tafi, amma da sallama. Na sa Salifu ya ɗauke hannunsa. Na gyara zama a gaban gilashin, na gode wa tsohon bisa shekarun da ya tsare min Indabo, na ce idan na saɓa masa ya yafe. Masu jiran gyaran waya suka taru a ƙofa, wata mai sayar da alloko, soyayyar ayaba, har da cewa amin.

"To yanzu cire shi," na ce.

Ya cire, sai tsohon ya ƙi fita gaba ɗaya, ya bar guntayensa a ciki. Na ce ai haka tsofaffi suke, sai da rakiya. Salifu ya kashe ordinatar, ya sake kunna ta a wata hanya da ba komai ke tashi ba, ya share ragowar, ya kuma kunnawa. Gurnanin ya tsaya cak. Sabon ya buɗe da koren launi, Salifu ya shiga karantin, ya nuna min inda zan danna. Da yatsana na danna, kowa shaida ne.

Sai ga Indabo, ɗankwali a karkace, faranti a hannu, tana cewa wanda ya ci biyu kada ya sake miƙo hannu. Shagon ya ɗauki dariya. Salifu ya jona ɗan kile, ɗan abin adana hotuna, ya kwafe ta, ya ce in ajiye a wani wuri dabam. Na ce ya kwafa sau biyu, ɗaya na Halimatu, sannan ya ƙara murya, ba ta gama faɗan ba.