Ƙarin Shekarun Toka

Shekara goma sha tara Uwar Rariya ta yi a ɗakin gwajin duwatsu, ko sau ɗaya sunanta bai taɓa hawa takardar bincike ba. Ita ke niƙa dutse, ita ke tankaɗewa, shi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata wannan suna. Ita ke duƙawa kan madubin ƙara girma tana tsince ƙwayoyin ma'adinin zirkon da ba su kai ƙwayar yashi ba, har wuyanta ya ƙage. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In aiki ya fito sunan Farfesa, shugaban ɗakin, ne a sama, ita ko "an gode" sai an ga dama. Abin yana cin ranta, ba ta kuma ɓoyewa.

Aikin kuwa ta san shi kamar yunwar cikinta. Kowace ƙwaya agogo ce. Akwai sinadarin yuraniyam a cikinta da ke komawa dalma sannu a hankali, ba sauri ba jinkiri. A auna wannan, a auna wancan, shekarun dutse su fito.

Ana nan sai Farfesa ya dawo daga daji da buhun tsohuwar tokar dutse mai aman wuta. A ƙarƙashin tokar ya haƙo ƙasusuwan wata dabba, ke nan ƙasusuwan ba za su gaza tokar shekaru ba. Bawan Allahn nan ya yi riga malam masallaci: tun ba a auna komai ba ya shaida wa 'yan jarida cewa shekara miliyan tara ce, ba a taɓa samun irin dabbar mai wannan tsufa ba.

Ƙwaya sittin ta auna. Hamsin da biyu suka ce miliyan huɗu, takwas suka ce tara. Ko ɗalibin bana ya san fassarar: dutse in zai yi amai yakan kwaso tsofaffin ƙwayoyi a hanya, don haka masu ƙarancin shekaru su ne shaidun ranar da tokar ta zuba.

Farfesa ya shigo yana cin biskit, yana zubar mata da burbushi a teburin da ko ƙura ba ta bari ta sauka. Ya leƙa kwamfuta, ya yatsine fuska.

"Malama, waɗannan hamsin da biyun sun lalace. Dalmarsu ta zube. Goge su."

"Ranka ya daɗe, hamsin da biyu su lalace, kuma duk su tsaya a lamba ɗaya? Ai ƙarya ba ta haɗa baki haka."

Sai ya ɗauki allurar da take tsince ƙwayoyi da ita ya hau sakace. Kai, Allah wadai! Ya duba abin da ya ciro, ya shafe a gefen teburin.

"Na daɗe ina ganin an zalunce ki," in ji shi. "A wannan takardar sunanki ne na biyu, daga nawa sai naki."

Da ma a ce ta kore shi. Ina! Bayan fitarsa ta jefa allurar a kwandon shara, ta wanke teburin har sau biyu tana tsaki, sannan ta zauna ta goge layi hamsin da biyu, ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata doguwar ƙwaya mai ruwan zuma da ta sha wuya kafin ta tsinto ta, ita ce ta ƙarshe da ta goge. Ƙyamar da ta ji wa Farfesa ba ta kai rabin wadda ta ji wa yatsanta ba.

Takarda ta fito bayan wata bakwai. Maigidanta ya sa aka yi mata firam ya rataya a falo, duk baƙon da ya zo sai ya ja shi ya nuna masa: "Kun ga sunan uwar yaran nan?" Ita kuwa ta koma shiga ɗaki ta ƙofar kicin don kada su haɗa ido da bangon.

Ran wata Talata da hantsi, wani Dakta daga bene na sama, wanda shekara da shekaru ko gaisuwarta ba ya amsawa, ya turo ƙofa rungume da buhun duwatsu yana washe baki.

"Antinmu ta kanmu! Farfesa ya ce hannunki akwai albarka." Ya rage murya. "Ni ba ni da haɗama. Miliyan biyu kacal za ki ƙara mini."

Ta buɗe baki za ta ce masa nan ɗakin gwaji ne, ba a ƙara wa dutse shekaru. To, da wane bakin? Dakta yana tsaye yana jira, ko kunya babu, don ya san wadda yake magana da ita.

"Ajiye can kusa da injin niƙa," ta ce.