Wayoyi Biyu a Aljihun Tebur

Saura minti shida sha biyu ta yi. Injiniya ta jawo aljihun tebur, ta fito da tsofaffin wayoyi biyu da ta kulle tun safe, ta jera su gaban Oga.

Kamfaninsu ƙarami ne, manhaja ɗaya yake da ita, mai tuna wa mutane lokacin shan magani. Da kayan aikin saye suka gina ta: rubutu ɗaya, ta hau kowace irin waya. Yanzu Dogo, abokin aikinta, ya dage a koma na kyauta.

"Aikin ɗaya ne, Oga," in ji Dogo. "Na kyautan ma ya fi sauƙi, ga dubban masu gyara shi. Tsoro ne kawai irin na iyaye mata."

"Na yarda ya fi sauƙi," ta ce. "A sabuwar wayarka ka gwada. Waɗannan irin ta surukata ce."

'Yarta mai shekara uku tana da farfaɗiya. Kullum sha biyun rana surukarta ke ba ta magani, kuma tsohuwar ba ta duba agogo, ƙarar waya take jira.

Ta nuna wayoyin. "Ta dama ginin saye, ta hagu na kyauta. Awa uku ba wanda ya taɓa su."

Duk suka zuba wa wayoyin ido. In duka suka yi ƙara a kan lokaci, Injiniya ta zama abin dariya, kuma gobe za a sauya.

Sha biyu. Ta dama ta ɗauki ruri.

Ta hagu ko motsi.

Dogo ya miƙa hannu. Injiniya ta buge hannun. "Kar ka tashe ta! Surukata ba ta tashin waya."

Minti ɗaya. Biyar. Oga ya cire tabarau. A minti na tara ta hagu ta yi ƙara.

"Tsofaffin wayoyi kan kwantar da manhaja," Dogo ya ce a hankali. "Zai gyaru, wallahi."

"Na sani. Gyara shi, ni zan fara sa maka hannu. Amma ba a kan 'yata ba."

Oga ya daɗe yana kallon wayar. "Ba sauyi," ya ce, "sai ta hagu ta yi wata guda ba ta makara ba. Dogo, karɓi mukullin aljihun."