Abin da Aka Ba Goje

Dakta Zaituna tana da ilimi, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Matsalarta baki ne, ba ta iya tauna magana kafin ta fito da ita. Wata takwas ke nan da aka turo ta asibitin dabbobi a Kazaure, ta warkar da shanu da dama, ta kuma ɓata wa masu su rai kusan daidai yawansu.

Kwana biyu da saukar ruwan shuka aka kira su wata ruga a bayan Gwiwa. Baba Toma ne ya kai ta a babur. A takarda mataimakinta ne, amma shekara talatin ya yi yana duba shanun ƙasar nan, tun zuwansa daga Filato yana saurayi.

Suka tarar da bijimin kwance a gindin ɗorawa, miyau na dalala, jiki na ɓari. Goje ake ce masa, ɗaya ne daga shanun huɗa biyu na gidan. In ya mutu, garma ta kwanta ke nan a daidai lokacin da kowa ke gona. Mai shi, Baffa Lawal, yana tsaye ya dogara sanda, 'ya'yansa huɗu da maƙwabta sun yi cirko-cirko.

Zaituna ba ta ko ƙarasa gaisuwa ba ta durƙusa a kan dabba. Abu biyu take zargi. Ko ya ci ciyawar da aka yi wa feshi, ko kuma an ɗura masa magani fiye da ƙima. Kowanne da nasa magani, in ta yi kuskuren zaɓi, da hannunta za ta ƙarasa shi.

"Baffa, me aka ba shi?"

"Ba a ba shi komai ba," in ji dattijon.

Ta shafa wuyan bijimin, ta ji kumburi. Nan fa bakin ya ƙwace.

"To wannan mene ne? Allura ce! Kullum muna faɗa, a daina sayo magani a kasuwa ana caka wa dabba da ka, amma ba a ji!"

Baffa Lawal ya gyara malafarsa, ya ce, "Likita ta fi mu sani." Ya juya ya koma bakin shinge ya zauna.

Baba Toma ya yafito ta wajen babur, wai ta zo ta duba jaka.

"Likita, kin faɗi gaskiya. To, gaskiyar ta tashi bijimin?"

"Baba Toma, mutuwa yake yi! Ina na ga lokacin lallashi?"

"Dattijo ba ya amsa laifi a gaban 'ya'yansa, ko da wuƙa a wuyansa. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Amma ki je ki same shi. Jama'ar kuwa, ki bar mini su."

Kafin ka ce kwabo ya raba wa kowa aiki, wannan ɗebo ruwa, wancan saro itace a kafa rumfa. Har maƙwabcin da ya zo kallo ya samu guga a hannu.

Zaituna ta tuɓe takalmanta ta tsuguna a gefen dattijon. Kunya ta rufe ta, don ya yi jika da ita. Ta gaishe shi tun daga farko, ta tambayi iyali, ta tambayi damina, ta jira kowace amsa duk da zuciyarta na wajen ɗorawa.

"Baffa, na yi muku rashin kunya, ku yafe mini. Ku kuka raine shi, ni yau na fara ganinsa. In ba ku taimake ni ba, ban san ta inda zan fara ba."

Can ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalba da sirinji.

"Na tsutsar ciki ne. Da asuba na yi masa."

Ta ɗaga kwalbar ta duba. Saura kaɗan a ƙasa.

"Nawa kuka ja?"

"Cike, sau uku." Ya rage murya. "Shekara nawa ina yi, ban taɓa wuce layin sirinjin ba. Yanzu layukan sun ɓace mini, 'yata. Ke kanki inuwarki kawai nake gani. Na yi, ban tabbata ya shiga ba, na ƙara. Yaran ba su sani ba. Ran da suka sani, buzu za su shimfiɗa mini a inuwa su karɓe sandar."

Tausayi ya kama ta. Ta miƙe a guje, ta mayar da allurar da ta yi niyyar yi cikin jaka, ta ce wa Baba Toma ya nemo jijiya. Suka rataya ruwa a reshen ɗorawa, leda bayan leda. Wajen la'asar ɓarin jikin ya lafa. Goje ya ɗaga kai ya yi wani dogon huci, yaran suka yi hamdala.

Ta koma wurin dattijon, ta yi ƙasa da murya.

"Ba wanda zai ji daga bakina. Amma akwai allurar da za a yi masa gobe da jibi, kuma sai an ga layi. Baba Toma ya ce zai riƙa zuwa."

"Daga Kazaure, cikin wannan taɓo? A'a, kar a wahalar da Toma." Ya murza sirinjin a tafinsa. Sannan ya ɗaga murya. "Sani!"

Babban ɗansa ya zo ya durƙusa.

"Ni na kwantar da Goje. Idona ya tafi, Sani. Ya daɗe da tafiya."

Sani ya sunkuyar da kai, yana zane ƙasa da yatsa.

"Baffa, ai mun sani. Tun kakar bara. Duk yamma in kun gama ɗaure maruƙa, ni nake bi in gyara ƙullin. Inna ta ce wanda duk ya sake ya nuna muku, ba ta yafe masa ba."

Dattijon ya juyo wajen ɗansa. Ya yi wata 'yar dariya, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Zaituna ta kau da kai, nata idon ma ya ciko.

Ya laluba ya kamo hannun ɗansa, ya danƙa masa sirinjin.

"Likita za ta nuna maka layin. Amma ni zan riƙe masa kai. Ba ya tsaya wa kowa."

"Ai ba mai iya shi sai ku, Baffa," in ji Sani.