Sunan da Inna Take Kiransa

Saura kwana ɗaya walimar sauka, firinta ta ƙi amsawa.

Malama Zaituna, shugabar Islamiyyar matan aure ta Rogo Sabon Gari, ta danna wajen bugawa sau shida a safiyar Juma'ar nan. Fitilar firintar na kunne, kati mai kauri na jere a bakinta, amma ko motsi. Mata goma sha tara ne za su yi saukar Alƙur'ani gobe da hantsi. Ɗaya daga cikinsu, Barira mai ƙuliƙuli, shekara tara ta yi tana zuwa makarantar, kuma tun da azumi ta sayi firam ɗin da za ta saka takardarta. Zaituna da bakinta ta yi alkawari cewa kowace mace za ta karɓi shaida mai ɗauke da sunanta da Larabci, a gaban mijinta da danginta.

Ta san mai laifin. Ɗanta na fari, Muhammad Auwal, ya zo gida a watan jiya, ya tarar kwamfutar makarantar ta cika da bairos. Ya kwashe takardun da ke ciki ya ajiye, ya goge tsarin da ta saba da shi, ya saka wani wai shi Linux, sannan ya mayar da takardun. Bai tambaye ta ba. Ba shi ma da hanyar tambayar. Zaituna Bafulatana ce daga wata ruga a Zoza, kuma cikin shekara ashirin da uku ba ta taɓa furta sunan ɗan farin nan ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, lambarsa ma ba ta cikin wayarta. Duk wani saƙo a tsakaninsu ta bakin ƙanwarsa Ummi yake bi. Ranar da zai tafi sansanin bautar ƙasa ya bar wa Ummi sallahu: kwamfuta ta warke, sabon tsarin kyauta ne, idan kuma ta nemi kalmar sirri, sunan da Inna take kiransa ne. Zaituna ta ɗauki maganar a matsayin rashin kunya, ta ce kada Ummi ta sake maimaita ta. Yanzu Ummi ta koma makarantar kwana.

Ta ɗauko faifan da ya zo tare da firintar ta saka, kamar yadda ta taɓa yi shekara uku da suka wuce. Ta danna abin da ta danna a wancan karon. Kwamfutar ta buɗe mata wani akwati cike da sunayen da ba ta gane ba, ta tsaya nan.

A Rogo, wanda yake son manhaja wajen Lukumanu yake zuwa, mai rumfar loda waƙoƙi da karatu a bakin tasha. Lukumanu ya soka filas ɗinsa guda uku da yake ajiye manhajoji a ciki, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ci. Ya ce wannan kwamfuta an musuluntar da ita zuwa wani addinin daban, maganinta kawai a goge komai a dawo da na da. Ya gwada buɗe takardun shaidar a tasa na'urar, baƙaƙen Larabcin suka watse, adon gefe ya hau kan sunaye. Zaituna ta tuna cewa filas ɗin nan nasa ne ya fara kawo mata bairos. Ta rufe kwamfutarta ba ta yi masa sallama ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya tana cikin motar Karaye, firinta a cikin buhu bisa cinyarta, kwandasta yana cewa sai ta biya wa buhun kujera. Ba ta biya ba.

Kabir, ƙanin mijinta, shi yake koyar da kwamfuta a wata sakandare a Karaye, kuma shi ya fara nuna wa Muhammad Auwal wannan tsarin. Ya tarbe ta a zaurensa da fara'ar da ta ƙara mata haushi.

“Matata da kanta, har da kayan lefe a buhu.”

“Kabiru, ba wasa ya kawo ni ba. Abin da kuka ɓata kai da ɗanka, shi za ka gyara kafin La'asar.”

Ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambayi lafiyar mijinta, Yaya Mijinyawa, da yara, ta amsa a taƙaice. Ya ce ai ba abin da ya ɓaci. Faifan nata na tsohon tsari ne, shi kuwa wannan ba a loda masa manhaja daga hannun mutane. Yana da rumbunsa a intanet, kowa na iya ɗauka kyauta, an kuma tantance abin da ke ciki. Ta ce rumbun da mai gida bai san ƙofarsa ba, ba ta ga amfaninsa ba. Ya haɗa kwamfutar da datar wayarsa, ya buɗe wani baƙin allo, ya rubuta layi ɗaya na neman manhajar firintar. Allon ya nemi kalmar sirri.

Ta gaya masa sallahun da aka bar wa Ummi, tana kallon bango. Kabir ya rubuta sunan yaron. Allon ya ƙi. Ya rubuta rabinsa, ya ƙi. Ya gwada laƙabin da abokansa suke kiransa, ya ƙi. Ya kira wayar Muhammad Auwal sau uku, a kashe. Ya ce a sansani sai yamma suke samun sararin kunna waya, wani lokacin ma sai gobe.

“To Yaya, wai me kike kiransa?”

“Ba na kiransa.”

“In kina son ya ɗebo miki ruwa fa? Da hannu kike yi masa alama kamar kurma?”

Ta ce ya kiyaye ta. Ta ce tun da aka haifi yaron take kare mutuncinsa da nata kamar yadda uwarta ta yi wa yayanta, ba ta taɓa rage masa tuwo ba, ba ta taɓa barin kuɗin makarantarsa ya makara ba, yau kuma shi ne zai kulle mata aikin mata goma sha tara da wasan yara. Kabir ya ce ba kullewa ya yi ba, haka tsarin yake: ba ya bari a saka masa komai sai mai shi ya amince, shi ya sa bairos ba ya samun ƙofa cikin sauƙi. Ta ce ita ce mai shi, kuma ga ta a waje.

Aka kira salla a masallacin Juma'a. Kabir ya ɗauki hularsa da darduma. Ya ce idan ya dawo yaron bai kunna waya ba, akwai hanyar sake kalmar sirrin ta baya, amma ya daɗe bai bi ta ba, kuma ba zai yi mata alkawarin La'asar ba.

Ta zauna ita kaɗai a zauren. Wani ɗan layi fari yana ƙiftawa a kan baƙin allon. Ta tuna firam ɗin Barira, wanda aka nuna mata a naɗe cikin zane. Ta tuna safiyar da yaron zai tafi, yana tsaye a tsakar gida da jaka, ita tana bakin murhu ta ba shi baya. Akwai abin da ta ce masa don ya ɗauki ƙullin dambun da ta ajiye a kan turmi. Abin da take ce masa kenan tun yana rarrafe.

Ta jawo kwamfutar, ta rubuta da yatsa ɗaya: kaiwannan. Babu abin da ya fito a allon, ko ɗigo. Ta ɗauka madannan ma sun mutu, ta buga babban maɓallin da ƙarfi don haushi.

Rubutu ya fara gudu daga ƙasa zuwa sama.

Da Kabir ya dawo ya tarar manhajar ta sauka. Ya jona firintar, ta yi ƙara ta ja katin farko. Sunan Barira ne ya fito, baƙaƙe a haɗe, wasulla a mazauninsu. Ya tambayi kalmar. Ta gaya masa. Ya fara dariya, ya ga fuskarta, ya mayar da dariyar tari.

Sun buga goma sha tara, suka sake ɗaya da kati ya karkace. Zaituna ta ƙirga su sau biyu, ta jera a cikin jaka tsakanin kwalaye biyu. Sannan ta ce ya canza kalmar nan yanzu, ba za ta riƙa buɗe kwamfutar makarantar Alƙur'ani da baƙar maganar yaro ba. Ya buɗe wajen, ya tambaye ta me zai saka. Ta juyo da kwamfutar gabanta ta rubuta da kanta, sau biyu kamar yadda aka nema. Allon bai nuna komai ba, amma Kabir yana ƙirga bugun yatsarta. Goma sha uku, daidai baƙaƙen Muhammad Auwal.

Ya ce mata a hankali, ka'ida ita ce kada ta gaya wa kowa.

“Wannan ko wuƙa aka sa min a wuya ba zan faɗa ba,” in ji ta. “Ɗaure min firintar, mota za ta cika.”