Fedar Hagu

Ɗan zakin ƙarfen da ke manne a wuyan keken ya goge har ba a ganin idonsa, sai dai tsayuwarsa, ƙafafun gaba a sama. Da gefen ido Abdul-Latif ya gan shi, yana riƙe da ledar koko da ƙosai, zai tsallake kwata ya koma gida. Ya wuce, ya ja ya tsaya, ya dawo.

Keken yana jingine da teburin mai koko a bakin titin Ayigya Zango. Fijo ne na Faransa, irin na da, mai siririn jiki. Fenti ya daɗe da barinsa. An naɗe sirdin da tsumma, an yi wa kariyar ɗaukar kaya walda har ta yi ƙulu-ƙulu. Abdul-Latif ya tsuguna. Hannun feda na dama na asali ne, ga tambarin kamfani a jiki. Na hagu kuwa baƙo ne, baƙi, gajere, da alama daga wani ƙaramin keken Sin aka ciro shi. Ya ja tsaki a hankali.

"Kai, me ka yar a ƙarƙashin kekena?"

Wani tsoho ne zaune a benci, da ƙoƙon koko a hannu, da farar hula da ta sha wanki.

"Ina kwana, Baba. Kallo kawai nake yi."

"Kallo da hannu? Ɗan gidan wa ne?"

"Gidan Alhaji Musah Bagobiri, bayan masallaci."

"Af! Bagobiri. Shi ya sa. Ku ba ku ganin abin mutum ku wuce." Tsohon ya juya ga mai koko. "Hajiya, ki lura da ludayinki."

Wannan shi ne Baba Kimba, Bazabarme, wanda ya zo Kumasi daga Doso tun yana saurayi, ya yi dako a kasuwar Kejetia, daga baya ya yi cinikin albasa. Keken a Yamai ya saye shi lokacin da ya koma gida aure, aka ɗora shi a saman motar albasa har Kumasi. Yanzu ya bar wa yaran ɗan'uwansa cinikin, amma kullum da safe sai ya hau keken ya tafi Kejetia, ya zauna da tsofaffin abokansa a gindin wata rumfa, su sha shayi su yi musu, ya dawo kafin la'asar.

Shi kuwa Abdul-Latif caja da murfin waya yake sayarwa a kasuwar. Abin da ya fi ci masa rai yana bayan gidansa, a ƙarƙashin rumfar kwano: tsofaffin kekunan Faransa, wasu a rataye, wasu a tsaye. A cikin kayan gwanjo na tashar jiragen ruwa ta Tema yake tsinto su, wasu kuma direbobin Burkina ke kawo masa. Yakan kwance su, ya kankare tsatsa, ya nemo musu kayansu na asali, ya yi fenti, sannan ya ajiye. Ba ya hawansu sosai. Matarsa Hikma takan ce su ne baƙin da suka fi kowa daɗewa a gidan, ba su ci, ba su tafiya.

"Baba, ku sayar mini da shi."

"Ƙafata ce. In ka ga mai sayar da ƙafa, kawo shi in gan shi."

Tun daga ranar, duk sanda suka haɗu wurin mai koko sai Abdul-Latif ya sake tambaya, Baba ya sake yi masa zagin wasa, shi da Gobirawa gaba ɗaya, su rabu suna dariya. Kullum tsohon ko dai a zaune yake samunsa, ko a kan keke.

Da damina ta yi nisa, Baba Kimba ya faɗi. Yana gangarowa ne bayan ruwa ya ɗauke, wata motar haya, trotro, ta tsaya a gabansa ba zato, ya matsa birki bai kama ba, ya zarce cikin kwata. Wuyan hannunsa ya gurɗe, wilin gaba ya lanƙwashe. Da Abdul-Latif ya je gaishe shi, ya tarar an ɗaure keken da sarƙa da kwaɗo a jikin turken tsakar gida. Babbar 'yar Baba, Ruƙayya, mai shagon atamfa a Kejetia, ita ta ɗaure shi, makullin yana bakin zanenta.

"Ya gama hawan keke," in ji ta. "Ga pragya masu ƙafa uku nan cike da gari. In zai je wurin abokansa ni zan biya."

"In zauna a bayan wannan gwangwanin kamar buhun gawayi?" Baba ya ce daga kan tabarma. "Birki ne ya ci amanata, ba ni ba."

"Baba, shekarunka ne."

"Birki ne."

Suka yi ta ja har maƙwabta suka shigo. A ƙarshe liman ɗin unguwa, wanda shi ma gaisuwa ta kawo shi, ya raba su. A gyara keken. In hannun Baba ya warke, ya hau daga ƙofar gida zuwa masallaci ya dawo, Ruƙayya tana kallo. In ya je ya dawo lafiya, ta ba shi makulli ta yi shiru. In ba haka ba, shi ma ya haƙura ya yi shiru. Baba ya ce ya yarda, kowa ya ji. Ruƙayya ta ce yoo, ita ma ta amince.

"Ni zan gyara," in ji Abdul-Latif. "Ba na karɓar komai."

Baba ya dube shi. "Birkin kawai, Bagobiri. Da wilin."

"In sha Allahu, Baba."

A niyyarsa birkin ne kawai. Amma da ya kife keken a ƙarƙashin rumfa ya kwance wilin, sai ya ga tsatsa ta ci gindin cokalin gaba. Ya kwance shi. Da ya kwance shi ya ga ƙwallayen wuya sun cinye. Kafin mako ya zagayo, keken ya zama tarin ƙarafa a cikin tsohon daro, suna jiƙe da kananzir. A ƙarƙashin datti, wajen da sirdi ya rufe, ya sami ɗan tabon fentin asali, shuɗi mai duhu, ya kai wa mai haɗa fenti ya ce irinsa yake so. Ya goge zakin da toka da lemun tsami har idonsa ya fito.

Kayan Faransa ba su shiri da na kowa. Notinsu daban, zarensu daban, in ka matsa musu na Sin sai su cinye. Don haka ya yi wa Abass waya, wani direban babbar mota da ke zuwa Wagadugu, ya tura masa hoton hannun feda na dama, ya ce ɗan'uwansa yake nema. Abass ya yi tafiya ya dawo babu, ya sake tafiya, sannan ya zo da shi a naɗe cikin takardar burodi. Abdul-Latif ya jera su biyun a kan benci. Tsawonsu ɗaya, tambarinsu ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu.

Baƙin gajeren kuwa ya jefa shi cikin bokitin tarkace. Da mai sayen kwandam, wato tsofaffin ƙarafa, ya zo wucewa da kurarsa, Hikma ta juye masa bokitin duka, ya nufi kasuwar tarkace ta Akwatialine da shi.

"Tsohon nan birki ya ce maka," ta ce, tana kallon sabon sirdin fata.

"Birkin ma na yi."

"Ei. To Allah ya sa ya gane kekensa."

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya tura keken zuwa gidan Baba. Mutane suka biyo shi tun daga bakin titi. Mai koko ta bar teburinta, liman ya fito, abokan Baba biyu sun zo daga Kejetia musamman. Aka kewaye keken ana shafawa. Wani ya ce amarya, wani ya ce ai wannan sai a kai shi gidan tarihi. Aka fito wa Baba da kujera, ya zauna, aka kawo masa keken gabansa. Ya buga ƙararrawa, ya matsa birki, ya gyaɗa kai.

"Bagobiri, ashe kuna da amfani."

Aka yi dariya. Daɗi ya kama Abdul-Latif, ya tsuguna ya juya feda da hannu.

"Ku duba nan, Baba. Wani makanike ya taɓa cutarku, ya sa muku wani gajeren ƙarfe a hagu, ba ma na Fijo ba. Na cire shi na yar. Wannan daga Wagadugu aka kawo shi. Yanzu duka biyun daidai suke, kamar ranar da ya fito daga kamfani."

"Allah ya yi albarka," in ji liman. "Yaron nan ya yi ƙoƙari, kuma ko sisi bai karɓa ba."

Baba Kimba ya sunkuyo daga kan kujerar. Ya dubi fedar hagu. Ya dubi mutanen da ke tsaye, ya dubi Ruƙayya da ta harɗe hannu a bakin ƙofa, ya dubi Abdul-Latif da ke tsugune yana murmushi, da baƙin mai a faratansa. Ya sake duban fedar.

"Madalla," ya ce. "Allah ya biya ka."

Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya yi bisimilla, ya hau. Ƙafar dama ta tura, keken ya tafi sumul, ba ƙara ko kaɗan. Fedar hagu ta zagayo ta yi ƙasa, ƙafar Baba ta bi ta, ta bi ta, ta rabu da ita. Ya karkata ya kamo ta. Ta sake zagayowa, ta sake kuɓuce masa. Kan keken ya fara rawa. Bai kai shagon tela ba ya kwanta ta hagu, a hankali, kusan kamar mai neman wurin zama, keken ya bi shi.

Aka ruga. Bai ji ciwo ba, sai ƙurar da ta ɓata masa riga. Ya ture hannuwan da aka miƙo masa, ya tashi da kansa. Ruƙayya ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, kowa ya gani."

"Kowa ya gani," in ji shi.

Ya bar keken a hannun liman ya taka zuwa gida. A nan ne Abdul-Latif ya fara ganin tafiyarsa. Duk sanda ƙafar hagu ta sauka, kafaɗar hagu sai ta bi ta ƙasa. Ɗaya daga cikin tsofaffin Kejetia, da ke tsaye kusa da shi, ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, tun suna dako buhun albasa ya faɗo wa Kimba daga saman mota ya karya masa cinya, mai ɗori ya ɗora, ta warke ta rage tsawo.

Washegari Abdul-Latif bai buɗe shago ba. Ya tafi Akwatialine, ya bi masu kwandam rumfa-rumfa, yana kwatanta baƙin ƙarfe gajere. Suka nuna masa tsaunin ƙarafa suka ce ya duba. Bai same shi ba, amma ya sami wani mai kama da shi a jikin gawar wani ƙaramin keke. Daga can ya wuce shagon Ruƙayya. Ta saurare shi tana ninke atamfa.

"Anti, laifina ne. Ba tsufa ba ne. Ni na canza masa ƙarfen."

"Wancan karon birki, wannan karon feda. Na gaba kuma me za a ce? Taya?" Ta ɗora atamfar a kan 'yan'uwanta. "Ni na ɗauko shi daga kwata, Abdul-Latif, ba kai ba. Shi ya ce maka ƙarfen ne?"

"Bai ce ba."

"To."

Ya dawo gida ya ajiye gajeren ƙarfen a kan benci. Ya kankare shi, ya gyara masa rami yadda zai zauna a jikin Fijo. Bayan 'yan kwanaki, yana kan aikin, da hantsi, a wani yini na tsakiyar mako, ya ji ƙarar ƙyauren gida, sannan ya ji tsit-tsit ɗin wilin baya. Baba Kimba ne ke turo keken. Ya amsa gaisuwar Hikma da hannu, ya wuce har ƙarƙashin rumfa. Ya tsaya yana duban kekunan da ke rataye, ɗaya bayan ɗaya. Akwai fili tsakanin wani kore da wani fari. Ya tura nasa ciki, ya jingine shi da kyau, ya gyara masa kai ya fuskanci waje kamar sauran.

Abdul-Latif ya miƙe da ƙarfen a hannu.

"Baba, ga shi na samo gajere. Yanzun nan zan ɗaura. Sai mu je wurin liman, a sake gwadawa, ni zan yi wa mutane bayani da bakina."

Baba ya karɓi ƙarfen. Ya auna shi da tafin hannu, daga babban yatsa zuwa ɗan ƙarami, ya gyaɗa kai kamar mai cewa tsawon ya yi. Ya mayar da shi kan benci. Ya sunkuya ya kwance tsohuwar robar taya da ya ɗaura a kariya, wadda yake ɗaure dardumarsa da ita, ya naɗe ta a hannu ya sa a aljihu. Ya goge wata 'yar ƙura daga kan zakin da babban yatsa.

A waje wata pragya tana jira, injinta yana kaɗawa. Hikma ta matsar da daron wanki daga hanya. Baba Kimba ya bi ta gefen igiyar shanya, kafaɗar hagu tana sauka tana tashi, ya fita, ya jawo ƙyauren a hankali har ya rufu.