Galan a Layin Ruwa

A gidan hayarmu na Maamobi, duk galan mai ruwan ɗorawa ruwa ne a ciki. Tsofaffin galan ɗin man girki ne da muka wanke muka jera jikin bangon banɗaki. In famfo ya kawo a cika, in ya ɗauke a koma musu. Kowace mace tana ɗaura ƙyalle ko leda a hannun nata don kada a rikita. Nawa baƙar leda ce. Ba mai buɗe galan ta sunsuna, don ba wanda ya taɓa zuba wani abu a ciki in ba ruwa ba.

Sai Yaya Zakaria.

Shi ne yayan mijina Mashud, kuma shi ke da trotro, motar hayar da Mashud yake ja. Da dizal ya yi tsada, wani makanike ya koya masa yadda ake mayar da tsohon man suya ya zama man mota. Yana bin mata masu suyar ƙosai da doya da kifi, su tara masa man da ya yi baƙi. Ya tace da tsohon zani, ya haɗa da sodar sabulu da aka narka cikin wani sifirit, ya bari ya kwanta a duro. Motar kuwa ta karɓa. Fasinjoji har tsokana suke yi, wai hayaƙinta ƙosai yake ƙamshi, a ba su koko su haɗa. Ba ni da rigima da wannan, da motar muke ci. Rigimata ɗaya ce: a tsakar gidan da yara ke rarrafe yake aikin.

Na yi magana ba sau ɗaya ba. Kullum amsarsa, "Amarya, ke dai ki ji da tukunya."

Ranar da abin ya faru, wanka zan yi wa Ruhaina, 'yata mai shekara uku. Na ɗauko galan mai baƙar leda na tuttula a roba, na juya ɗauko soso. Ita kuma ba ta ganin ruwa ta ƙyale. Warin da kukanta tare suka iso mini, wari mai hawa kai. Hannunta na dama har gwiwa ya yi ja, yana santsi kamar an shafa sabulu.

Ban tsaya kururuwa ba. Na ja ta bakin kwata, na dinga buɗe galan ina sunsunawa ina kwarara mata. Nawa ya ƙare na shiga na maƙwabta, ban nemi izinin kowa ba. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce ruwan nan da na yi ta zubawa ne ya tsayar da ƙunar. Ta ce da yarinyar ta watsa a fuska, da zancen ido ake yi.

Da muka dawo na tarar da Yaya Zakaria a kan benci yana jan carbi.

"Sannu amarya. Allah ya taƙaita."

"Yaya, me ya kawo sodarka layin ruwa?"

"Rana ce ta yi yawa a wancan gefen, na matsar da galan ɗin inuwa. Ai na sa alama."

"Wace alama?"

"Baƙar leda. Na ɗaura a hannu."

Na ɗago galan ɗina da babu komai a ciki na ajiye a gabansa, ledar tana reto. Shekara da shekaru yana alwala da ruwan gidan nan, bai taɓa duban hannun galan ba, don bai taɓa ɗauka da kansa ba.

"To ke ma ai sai ki riƙa dubawa," in ji shi.

"Ka kwashe duro ɗinka daga gidan nan."

Ya dubi Mashud, bai dube ni ba. "Ka ji matarka tana ba ni notis."

Mashud ya ja ni ɗaki yana rage murya. "Ki yi haƙuri, Maman Ruhaina. Yayana ne, motarsa ce. In ya karɓe makulli fa?"

"Makulli kake tunawa? Zo ka riƙe ta in za a canja mata bandeji, ka ji yadda take kiran sunanka."

Ya sunkuyar da kai. Na gane daga nan ba abin da zai fito.

Washegari na goya Ruhaina, na fito da hannun mai bandeji waje da zani yadda kowa zai gani. Na nufi wajen Mma Lamisi, mai ƙosan bakin tashar Nima, wadda rabin man Yaya daga kaskonta yake fitowa. Ban roƙe ta komai ba. Na juya mata baya kawai don ta ga hannun.

Ta ajiye matsami. "Wa ya yi wa kishiyata haka?" Haka take kiran Ruhaina.

Na faɗa mata.

"A galan ɗin ruwa? Zakaria da gemunsa?" Ta goge hannu a zani. "Ni na ɗauka a gareji yake wannan haɗe-haɗen. Da na sani da na ba masu sabulu. Rahinatu, zo ki ga aikin mutuminki mai ƙamshin ƙosai."

Rahinatu mai kifi ta zo ta gani, ta kira ta kusa da ita. Ni dai na ci gaba da tafiya, kasko bayan kasko, har Maamobi.

Da yamma Yaya Zakaria ya zaga karɓar mai kamar kullum, ya dawo da galan ɗinsa ba ko ɗigo, suna ƙara a bayan mota. Kwana biyu haka. Mashud ya koma sayen dizal yana huci. A gida an daina amsa gaisuwata, wai na kai sirrin dangi kasuwa. Sirrin yana ɗaure a hannun 'yata, ina zan ɓoye shi?

Ranar da ya gaji, Yaya ya tsaya ƙofar ɗakina, bai ce amarya ba.

"Maman Ruhaina, na yi magana da makaniken nan na Kokomlemle. Zai ba ni gefe a garejinsa. Ki je ki gaya wa matan nan su sake ni."

"In duro ya fita, Yaya."

"Ba ki yarda da maganata ba?"

"Na yarda da ledarka, ga inda ta kai ni."

Shi da Mashud suka mirgina duro har bakin titi, ina tsaye ina kallo. Galan ɗin da ya ƙona Ruhaina kuwa ban bari ya bi su ba. Na ɗauraye shi a kwata, na sa wuƙa na farke cikinsa, don kada wata rana famfo ya kawo wata baiwar Allah ta tsince shi ta cika.

Sannan na ɗauki mayafi na tafi wajen Mma Lamisi in gaya mata duro ya fita. Fatar Ruhaina ta fara tsirowa, fari-fari. Har yau Yaya bai tambayi yadda hannun yake ba.