Gidan Batulu a Komoro

Na baro matata da ƴata a tsakiyar teku saboda na ƙi zama a gidan mace. Ba wanda ya kore ni.

Sojan Faransa nake lokacin. Daga Madagaska aka tura mu Komoro, tsibirai huɗu da ruwan gishiri ya kewaye. A babban tsibirin aka aje ni. Ƙasar baƙin dutse ce, ba gulbi ko ɗaya, ruwan sama suke tarawa su sha. Ga kwakwa ko'ina, ga wani tsauni mai aman wuta. Musulmi ne, sun yi sarakunansu tun kafin zuwan Nasara. Can na auri Batulu, muka haifi Halima.

A al'adarsu uba ke gina wa ƴarsa gida, miji ya tare. Shekara biyar na daure. Da Nijar ta samu mulkin kai aka sallame mu, na ce ta haɗa kaya, garinmu Gazawa za mu.

Ta ce, "Hambali, gidan da babana ya gina zan bari? Rufin ya taɓa yi maka yoyo ne?"

Na ce, "Mu a garinmu namiji ba ya tarewa."

Ba ta yi kuka ba. Kwakwa ɗaya ta sa mini a jaka.

Da na iso na gina ɗaki biyu, ɗaya nata, don na ɗauka za ta biyo ni. Na binne kwakwar a bakin fadama. Yayana Cindo ya gan ni ina ba ta ruwa, ya ce, "Soja, ka shuka mata teku kusa mana, ko ta sake."

Ba ta tsiro ba.

A damina ta huɗu na je wurin Mushe Dikko, malamin lakol, wato makarantar boko, na ce ya nuna mini Komoro a taswira. Ɗigo huɗu ne kamar kashin ƙuda. Yatsana ɗaya ya rufe su duka, har da Halima a ciki. Na ce ya rubuta musu: zan dawo, zan tare.

Sai bayan wata takwas amsa ta zo daga wan Batulu. Batulu ta jira damina uku, sannan ta auri wani masunci. Shi ne ya aza harsashin gidan Halima, shi take kira baba.

Ɗakin da na gina wa Batulu, gyaɗa nake zubawa a ciki.